Masu Ƙafa Takwas: Kaska, Kunama, Jan Gizo da Danginsu

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Geskeru, da Difa, da sauran garuruwan bakin Komadugu, darasinmu na wannan fitowa a kan wasu ƙananan halittu ne da muke zaune tare da su a gida, da garka, da makiyaya. Mun saba, duk abin da yake ƙarami yana rarrafe sai mu ce masa ƙwaro. Fara ƙwaro, sauro ƙwaro, kaska ƙwaro, kunama ma ƙwaro. A wajen hira wannan ba laifi. Amma ranar da mutum ya ɗauki kuɗinsa ya tafi kasuwa sayen maganin feshi, kalmar nan guda tana iya jawo masa hasarar amfanin shekara. Dalili kuwa shi ne, akwai maɓarnata waɗanda yawancin maganin ƙwari na gona ba ya yi musu kome, domin zuri'arsu dabam take da ta ƙwari. Hanyar gane su ba ta da wuya. A ƙidaya ƙafafu.

Shida ko takwas?

Masana halittu suna kasa dabbobi kamar yadda muke kasa mutane: ga zuri'a, ga gida, ga ɗaki. Akwai wata babbar zuri'a ta halittu marasa ƙashi a ciki, masu tauri a waje, masu gaɓoɓi a ƙafa. Ƙaguwa tana cikinta. Shanshani da ƙadandoniya suna cikinta. Amma reshe biyu ne suka fi damunmu.

Reshe na farko shi ne ƙwari na ainihi. Ƙafarsu shida. Jikinsu kashi uku: kai, da ƙirji, da ciki. Suna da ƴan zare biyu a goshi waɗanda suke shinshina da su, kuma yawancinsu suna da fiffike. Fara, da sauro, da ƙuda, da zuma, da gara, da ƙwarƙwata, da ƙuma, da kuɗin cizo, duk nan suke.

Reshe na biyu shi ne masu ƙafa takwas. Masana suna ce musu arakinida. Jikinsu kashi biyu ne, domin kai da ƙirji a haɗe suke, a wasu ma duk jikin dunƙule ɗaya ne. Ba su da zaren goshi. Babu ko ɗaya a cikinsu mai fiffike. A gaban ƙafafun nan takwas suna da wasu gaɓoɓi biyu kamar hannuwa. A jikin kunama su ne awartakin da take kama abinci da shi.

A da, har masana ma haɗa su suke yi. Linne, mutumin ƙasar Suwidin wanda ya tsara sunayen dabbobi a 1758, ya sa gizo-gizo da kunama da kaska a cikin ƙwari. Sai a 1801 wani Bafaranshe mai suna Lamark ya ware su, ya ba su nasu reshe. Ke nan idan mun haɗa su a baki, ba mu kaɗai ba ne.

Abu ɗaya za mu kiyaye wajen ƙidaya. Ɗan kaska idan ya fito daga ƙwai ƙafarsa shida ce. Sai ya yi saɓa ta farko sannan ta cika takwas. Don haka babba ake ƙidaya wa ƙafa.

An san iri fiye da dubu 100 na masu ƙafa takwas, an raba su gida fiye da goma. Gidan gizo-gizo shi ne sananne. A 2022 yawan irinsa da aka ba suna ya kai dubu 50. Kusan dukansu mafarauta ne, ƙwari suke ci. Gizo na tatsuniya mayaudari ne, amma gizo-gizon garka ma'aikaci ne da ba ya karɓar lada, dare da rana yana rage mana ƙwarin da ke cin ganye. Ƙurajen nan da mutum kan tashi da su a wuya ko a fuska a ce tautau ne, sau da yawa wani ƙwaro ne mai guba a jiki aka murƙushe a kan fata cikin barci, ko kuwa wata cutar fata ce dabam.

Akwai kuma wani mai launin rairayi, mai gashi, mai gudu kamar iska, wanda kan shigo wurin fitila da dare a lokacin zafi. A wurare da dama ana cewa wai shi ne dokin da kunama ke hawa. Gidansa dabam, irinsa ya fi 1,000. Haƙoransa manya ne kuma yana cizo idan an matsa masa, amma ba shi da dafi. Gara da ƙananan ƙwari ne abincinsa.

Gidan masu dogon ƙafa

Akwai wani gida da ba mu da sunansa a Hausa. Masana suna ce masa opiliyon. A Turai ana laƙaba masa sunan mai girbi, domin da kaka ne aka fi ganinsa a gonaki. Irinsa ya fi 6,500. Wanda ya gan shi zai ce gizo-gizo ne: ɗan jiki kamar ƙwayar dawa, ƙafafu dogaye sirara kamar zare. Amma idan aka duba da kyau, bambancin yana da yawa. Gizo-gizo yana da ɗan siririn ƙugu tsakanin ƙirji da ciki, shi kuwa opiliyon jikinsa a haɗe yake. Ba ya saƙa. Ba shi da dafi ko kaɗan. Idonsa biyu ne, gizo-gizo kuwa yawanci takwas. Gizo-gizo narkar da abinci yake yi ya tsotse, opiliyon kuwa gutsura yake yi ya haɗiye, kuma yana cin ƙananan ƙwari, da mushensu, da ruɓaɓɓen tsiro. Idan maƙiyi ya taso masa sai ya fitar da wani ruwa mai wari. Wasu irinsa kan yar da ƙafa ɗaya tana motsi, su tsere. Mai dogon ƙafar nan da ke rataye cikin yana a kusurwar ɗakinmu ba shi ba ne. Wannan gizo-gizo ne sosai, tun da yana saƙa.

Gidan opiliyon ɗaki huɗu ne. Ɗaki mafi ƙanƙanta shi ne ya fi ban mamaki. Sunansa sifoftalmi, mu kuwa za mu ce masa opiliyon mai kamar kaska. Irinsa wajen 200 ne kawai. Girmansa daga milimita 1 zuwa 7, wato daga ƙwayar gero zuwa ƙwayar wake ƙarama. Ya saɓa wa ƴan gidansu, domin ƙafafunsa gajeru ne, jikinsa mai tauri, launinsa ja-ja ko ƙasa-ƙasa. Da yawa daga cikinsu ba su da ido, waɗanda ke da shi kuma ɗan ƙarami ne. Da a ce makiyayi zai tsince shi, da ya rantse kaska ce.

To, yaya masana suka san ba kaska ba ne? Sun duba bayansa suka ga layi-layi na gaɓoɓin ciki, abin da kaska ba ta da shi. Sun ga wasu ƴan tsini biyu a gefen jikinsa, dama da hagu, inda ruwan warin nan ke fita kamar na sauran opiliyon. Bakinsa kuma na kama abinci ne, ba shi da tsinken shan jini. Ba ya hawa dabba, ba ya hawa mutum, ba ya taɓa shuka. Yana zaune a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, da duwatsu, da cikin kogo, inda ƙasa ba ta bushewa. Idan an taɓa shi sai ya naɗe ƙafafu ya yi kamar ya mutu.

Saboda son danshin nan, ƙasa mai rani irin tamu ba wurinsa ba ne. A Afirka sai a kurmi mai ruwa. Ana samunsa a Kamaru, da Gabon, da tsibirin Biyoko, da Kodebuwa, da kuma can Afirka ta Kudu. Wani dangi nasa ma daga kogin Ogowe na Gabon aka samo masa suna. Halitta ce wadda ba ta tafiya. Ba ta tashi sama, ba ta iyo, iska ba ta ɗaukarta kamar yadda take ɗaukar ƴaƴan gizo-gizo da zarensu. Inda aka haife ta nan take mutuwa. Amma duk da haka, dangin da ke kurmin Afirka ta Yamma yana da ƴan'uwa na kusa a kurmin Amurka ta Kudu, a ƙasashen Barazil da Kolombiya, ga teku mai faɗin dubban kilomita a tsakani. Masana ilimin ƙasa sun ce Afirka da Amurka ta Kudu a haɗe suke a da, sun rabu wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Ƙasa ce ta tsage ta tafi da su, su kuwa suna nan kwance a ƙarƙashin ganyensu. Shi ya sa masu binciken tarihin ƙasa suke daraja ɗan abin nan.

Mun kawo labarinsa ne don mu ga cewa kama da wane ba ta wane. Ga mai kamar kaska, amma ba ruwansa da kaska. Yanzu kuma ga wani mai sunan gizo, alhali ƙanen kaska ne.

Jan gizo a garka

Gidan kaska babban gida ne. Kaska mai shan jini irinta wajen 900. Amma tana da ƙanne ƴan mitsi-mitsi, iri fiye da dubu 45, yawancinsu ido ba ya ganinsu. Wasu na zaune cikin ƙasa suna ruɓar da ganye, suna gyara mana gona. Wanda kowa ya sani shi ne ɗan jan nan mai laushi da ke fitowa bayan ruwan farko, wanda yara ke kira damina ko karammiski. Shi ne ƙato a cikinsu. Ba ya cutar kowa, gara yake ci.

Jan gizo kuwa maɓarnaci ne. Girmansa rabin milimita ne, kamar ƙurar barkono. An ce masa gizo don yana yin ƴar yana a kan ganye. A bayan ganye yake zama, ya huda shi da bakinsa ya tsotse ruwan. Alamar farko ita ce ɗigo-ɗigo fari ko rawaya a saman ganye. Daga nan ganye ya koɗe, ya bushe, ya zube. Idan abin ya yi nisa sai a ga yana ta lulluɓe kan shuka, ƴan jajayen abubuwa sun taru a tsinin ganye suna jiran iska ta kwashe su. Yana kama tumatir, da yalo, da gauta, da dankalin turawa, da tattasai, da kuɓewa, da wake. Akwai wani iri mai tsanani wanda asalinsa daga Amurka ta Kudu ne. An fara ganinsa a ƙasar Zimbabuwe a 1979, daga nan ya bazu har ya iso Afirka ta Yamma da Nijar. Shi tumatir da danginsa ya fi so.

Tattasai yana da wani maƙiyin a gidan nan, wanda ya fi jan gizo ƙanƙanta, fari-fari, ba a ganinsa sai da gilashin ƙara girma. Shi sabon toho yake bi. Ganyen sama ya ƙanƙance, ya lanƙwashe ƙasa, ya yi tauri, fure ya zube. Manomi kan zaci ciwon shuka ne ko ƙarancin taki.

Wannan magana ba ƙarama ba ce a jaharmu. Tattasai shi ne jan zinariyar Difa. Kafin rikicin da ya tsananta a 2015, bakin Komadugu yana fitar da wajen tan dubu 10 na busasshen tattasai a shekara, mafi yawansa ana kai shi kasuwannin Nijeriya. Wanda ya ci bashin taki da man injin ban-ruwa ya dasa tattasai, ya san abin da zubewar fure take nufi.

Abin da ke sa jan gizo ya gagara shi ne saurin haihuwa. Idan zafi ya kai digiri 30, daga ƙwai zuwa babba kwana 7 zuwa 10 ne. Mace guda tana iya yin ƙwai 100 ko fiye. Zafi, da fari, da ƙura su ne abokansa. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke shi. Shi ya sa da damina ba a cika jin ɗuriyarsa ba, sai ɗari ya fara wucewa bazara ta kawo kai. Shukar da ke jin ƙishirwa, da wadda aka cika wa takin zamani na ureya, su ya fi afka wa.

To, ga inda ƙidayar ƙafa take da amfani. Manomi ya ga ganye na koɗewa, ya sayo maganin da ya saba kashe tsutsa da shi, ya fesa. Jan gizo bai mutu ba. Waɗanda suka mutu su ne masu cinsa: gizo-gizo, da ƙananan buzuzu masu ɗigo a baya, da wasu ƴan gidansu na kaska waɗanda farautarsa suke yi. Bayan mako biyu sai ɓarna ta ninka. Manomi ya ce maganin ne ba shi da ƙarfi, ya ƙara yawansa, ya sake fesawa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. An tabbatar da wannan a ƙasashe da yawa, musamman da magungunan da sunansu ke ƙarewa da "trin", irin su sipermetrin da deltametrin.

Maganin da aka yi domin jan gizo ana rubuta masa kalmar acaricide a jikin kwalba. Mu da muka koyi karatu, mu nemi kalmar nan da idonmu. Kada mu tsaya ga abin da mai tebur ya faɗa. Sananne a cikinsu shi ne abamektin, sai kuma garin farar wuta na feshi. A nemi wanda kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan gona ya amince da shi. Malamin gona ya san su. A fesa da yamma, a juya bakin famfo sama don magani ya sami bayan ganye, inda abin yake. Kada a fesa farar wuta da tsakar rana mai zafi, tana ƙona ganye. Kada a yi ta maimaita magani ɗaya, domin jan gizo yana saurin sabawa da shi. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Abamektin guba ne ga kifi da zuma, saboda haka ba a wanke famfo a Komadugu ko a tabki.

A ganinmu, abin da ya fi feshi shi ne zagayen garka. Sau biyu a mako a juya ganye a duba, musamman layin da ke bakin hanya inda ƙura ke sauka. Idan shuka biyu ko uku ce ta kamu, a cire ganyen a sa a buhu a ƙone. A yayyafa ruwa a bayan ganye. Ruwan ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, yana taimakawa tun abin bai yi yawa ba: a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da yamma. A fara aiki daga wuri mai lafiya a ƙare da mai ciwo, domin jan gizo yana bin riga da hannu. Kada a sayi dashe sai an duba bayan ganyensa. Bayan tsinka ta ƙarshe a tuge tsohuwar shuka a ƙone, a kuma cire gautan kaji da zaƙami a gefen garka, don a jikinsu yake fakewa har wata shekara.

Kaska a jikin bisashe

Kowane makiyayi ya san kaska, daga mai shanun Kuri na bakin tafkin Cadi har mai raƙuma na arewa. Amma abin da muke gani a jikin saniya kaɗan ne daga rayuwarta. Mace idan ta ƙoshi da jini sai ta faɗo ƙasa, ta yi ƙwai dubbai, wata har fiye da dubu 10, sannan ta mutu. Ƴaƴan su fito su hau ciyawa suna jira. Wasu irin sukan hau dabba uku kafin su girma: su sha jini, su faɗo, su yi saɓa, su hau wata. Ta haka suke kwasar cuta daga wannan dabba zuwa waccan.

Mai zane a baya, mai dogon baki, wadda ke kama hantsa da ƙasan ciki da farkon damina, ita ce ke kawo ciwon da ke tara ruwa a jakar zuciya, har dabba ta riƙa zagaye tana faɗuwa. Ita ce kuma ke tsananta kirci, tana lalata kan nono. Wata mai launin toka idan ta ƙoshi tana kawo ciwon jan fitsari. Akwai sabuwar irinta daga Asiya da aka gano a Kodebuwa a 2007, ta bazu a ƙasashen maƙwabta, kuma magunguna da yawa ba sa jin ta.

Masu bincike a Bobo Julaso ta Burkina Faso sun lura da wani abu mai amfani. Kaska mai zane ba ta zarcewa hantsa kai tsaye. A wurin kiwo tsakanin kofato take fara maƙalewa, sai da dare saniya ta kwanta sannan ta hau. Don haka suka gina ɗan kwarmi a ƙofar garke, aka zuba ruwan magani, shanu suna takawa da yamma idan sun dawo. Kaska ta ragu ƙwarai, magani kaɗan aka kashe.

Akwai kuma mai ƙafafu masu zobe-zobe, wadda ta fi son ƙasa mai rani. Ita tana iya ɗauke da wani zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda ke kama mutum. An fara gane shi a yankin Kirimiya a 1944, sannan a Kwango a 1956. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 100 da suka kamu, 10 zuwa 40 kan mutu. Dabba ba ta nuna alamar ciwon, amma jininta da jinin kaskar suna ɗauke da shi. Saboda haka al'adar nan ta fasa kaska da farce, a bar ta. A cire ta da matsefata, a jefa cikin wuta ko kananzir, a wanke hannu da sabulu. Kada a sa yara aikin nan hannu tsirara. Idan ta kama mutum, a kama ta dab da fata a ja a hankali, a wanke wurin. Wanda zazzaɓi ya kama bayan cizon kaska ko bayan fiɗa, ya tafi likita ya faɗa musu haka.

Maganin kaska na bisashe, likitan dabbobi ne zai faɗi irinsa da awonsa, da kwanakin da za a ƙaurace wa nono da nama. Maganin gona ba na jikin dabba ba ne. Kaji ma suna da tasu kaska mai laushi. Da rana tana ɓoye a tsagar bangon akurki, da dare ta fito ta sha jini. Wanda ya yi wa kaza magani bai liƙe tsagar bango ba, aikin banza ya yi.

Ƙazuwa

Mutane da yawa ba su san ƙazuwa halitta ce mai rai ba. Ƙanwar kaska ce, ba ta kai rabin milimita ba. Wasu masana biyu a Italiya ne suka bayyana ta a 1687. Macen tana haƙa rami a cikin fata, tana yin ƙwai 2 ko 3 kullum. Abin mamaki, a jikin mai ƙazuwa yawanci ba su fi 10 zuwa 15 ba. Ƙaiƙayin jiki ne ke faɗa da su. Yakan tsananta da dare, a tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu, da hammata. A jarirai har tafin hannu da na ƙafa.

Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 bai fara susa ba, alhali yana ba wasu. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake yi wa mutanen gida duka magani rana ɗaya, da mai susa da marar susa. Ƙazuwa cunkoso take bi, ba ta tambayar mai tsabta ko marar tsabta. Tun 2015 dubban iyalai suka bar garuruwan bakin kogi suka taru a wurare irin su Kinjandi da gefen babbar hanya ta ɗaya. Inda mutum goma ke kwana a rumfa ɗaya, ko almajirai ke haɗa bargo, nan take samun hanya. Ba abin kunya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutum miliyan 200 ne aƙalla ke fama da ita, kuma a 2017 ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

A likita ana ba da man shafawa, a shafe jiki duka daga wuya har ƙafa, ko kuma ƙwayar ibermektin. Ba a ba mai ciki ƙwayar nan, ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Ibermektin da abamektin na garka ƴan'uwan juna ne, daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar Japan aka samo tushensu, kuma waɗanda suka gano shi sun sami kyautar Nobel a 2015. Amma na gona na gona ne, na raƙumi na raƙumi ne, mutum ba ya shan ko ɗaya. Tufafi da shimfiɗa a wanke da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure a leda har mako guda, domin halittar ba ta wuce kwana 3 idan ba ta jikin mutum. Ƙaiƙayi kan ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan magani. Yaron da ƙurajensa suka yi ruwa, ko fuskarsa ta kumbura, ko fitsarinsa ya yi duhu, a gaggauta kai shi, domin gyambon ƙazuwa yana iya taɓa ƙoda.

Kunama

Irin kunama ya fi 2,500, amma masu kisa ba su wuce 30 ba. Wasu daga cikin waɗannan suna ƙasarmu, musamman wajen Agadas, inda harbinta ke kashe yara. Mai siririn awartaki da kaurin wutsiya ita ce abar tsoro. Kunama haihuwa take yi, kuma tana goya ƴaƴanta a baya har su yi saɓa ta farko. Wannan goyo ne ya sa ake cewa wai suna cinye uwarsu.

Babba yawanci zafi kawai yake sha. Yaro kuwa jikinsa ƙarami ne, dafi yana iya kaiwa ga zuciya da huhu cikin ƴan sa'o'i. A wanke wurin, a ɗora tsumma mai sanyi, a tafi da yaro likita nan take, ko da dare ne. Zufa mai yawa, da dalalar miyau, da amai, da numfashi sama-sama alamun hatsari ne. Tsagawa, da tsotsa, da ɗaure hannu, da ƙonawa ba sa fitar da dafi, lokaci kawai suke ci. Ruwan sama mai yawa da ambaliya suna koro kunama cikin gidaje. A Aswan ta ƙasar Masar, a watan Nuwamba na 2021, ta harbi mutum fiye da 500 bayan hadari guda. Idan Komadugu ta cika ta yi ambaliya, a ƙara kula: a kakkaɓe takalmi da tabarma, a cusa gidan sauro ƙarƙashin shimfiɗa, a nisanta tarin itace da tubali daga wurin kwana, a riƙe fitila da dare.

Aikin da za a yi a aji

Kowa ya zo da farar takarda da ganye uku daga garkarsa: na tumatir, na tattasai, da na wake ko kuɓewa. A riƙe ganye a kan takarda a buga shi da yatsa. A zuba ido a kan ƙurar da ta zubo. Idan wasu ɗigo suna tafiya, a shafa su da yatsa. Jan layi a takarda alamar jan gizo ce. Wanda ya sami tsohuwar kwalbar magani wadda aka wanke, ya karanta wa ƴan aji abin da aka rubuta a jikinta, a ga ko kalmar acaricide tana nan. Sannan malami ya raba allo biyu, ya rubuta 6 a dama, 8 a hagu, kowa ya tashi ya rubuta sunan halitta ɗaya a inda ya dace. Kunama da kaska sunansu kawai za a rubuta, kada kowa ya kawo su aji.